KASHI NA 23: Mastas a injiniyancin kanikanci, shin ya kai a jinginar da fadama saboda shi?

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne a gaban makirfo, don haka sai ku yi haƙuri da surutuna.

Abin da ya sa na ajiye maudu'in da muka yi alkawari a makon jiya, wani saƙo ne da ya shigo mini daga wani ƙanenmu na Janfalan, can ƙasar Ikara. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma ya roƙi kada a faɗa. Ya ce ya karanta injiniyancin kanikanci, ya fito da sakan kilas lowa, ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan. Aikin kamfani bai samu ba, yanzu lissafi da fiziks yake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Yana ganin idan ya ƙaro digiri na biyu, wato mastas, ƙila ƙofa ta buɗe. Mahaifinsa kuma, Allah ya saka masa da alheri, ya ce zai jinginar da fadamarsu ta rake a biya masa. Sai ya rufe saƙon da cewa: Yaya, in karɓa ko kada in karɓa?

To ƙanena, amsata a taƙaice ita ce kada ka bari a jinginar da fadamar nan. Amma ban ce kada ka yi mastas ba. Magana biyu ce daban, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin na san ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba. Daga Hunkuyi zuwa Makarfi zuwa Ikara, akwai irinka da yawa da ke zaune da kwali a cikin akwati.

Bari in fara da kaina, don ku san daga inda nake magana. Ni ma ɗan yankin ne, ƙauyenmu yana ƙasar Makarfi, kuma da kuɗin rake aka yi mini karatu. Na yi digirin farko a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, shekara biyar kamar kowane ɗalibin injiniya. Bayan bautar ƙasa na yi shekara huɗu a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, ina kula da tukunyar tururi wadda ake hura wa wuta da ɓuntun shinkafa. A 2021 na koma makaranta na shiga mastas. A takarda, karatun bai fi shekara biyu ba. Sai ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ga kuma wani zangon karatu guda da ni da kaina na ɓarar, zan zo kansa. Ban karɓi sakamako ba sai 2024. Ka ga abin da na lissafa wa shekara biyu ya ci uku da ɗoriya.

Yanzu tambaya ta farko, wadda ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya sayi fom: me nake so mastas ɗin nan ya yi mini?

Idan koyarwa kake so a jami'a ko kwalejin fasaha, irin Nuhu Bamalli da ke Zariya ko ta Kaduna, ko kana son aikin bincike a cibiyoyi irin cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, to babu makawa sai ka yi shi, kuma bayansa ma akwai digiri na uku yana jiranka. A nan mastas tsani ne, ba a hawa sai da shi.

Idan aikin gwamnati ne, abin da aka saba shi ne mai digirin farko ya shiga a mataki na 8, mai mastas a mataki na 9. Mataki ɗaya ke nan. Kuma kwalin ba shi ke samar da gurbin ba, sai an ɗauke ka tukuna yake amfani.

Idan kuma masana'anta kake hange, to a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Na zauna a wajen da ake ɗaukar ma'aikata a kamfanin da na yi aiki. Wallahi tambayoyin da ake yi ba su wuce irin waɗannan ba: fanfon ruwa yana jijjiga yana ƙara, me za ka fara dubawa? Bel yana tsinkewa duk mako, me ya jawo? Ka iya karanta zanen inji? Ka taɓa kwance akwatin giya ka mayar? Mai HND da ya yi shekara uku hannunsa cikin baƙin mai yana doke mai mastas da bai taɓa riƙe sifana ba, kuma na ga hakan da idona. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, masana'antun da ke ɗaukar injiniyoyin kanikanci a jiharmu sun ragu. Masaƙun Kakuri da suka riƙe dubban iyalai sun rufe, babbar cikinsu UNTL ta tsaya a 2007. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru ba ta tace mai. Ƙarancin gurbi ne matsalar, kuma ƙarin kwali ba ya haifar da gurbi.

Wani abin da matasa ke rikitawa shi ne laƙabin Injiniya. Mastas ba ya ba ka shi. Hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma abin da take nema shi ne digirin farko daga kwas ɗin da ta amince da shi, da shekara huɗu na aikin injiniya bayan kammalawa, da rahoton ayyukan da ka yi da hannunka. Don haka ƙanena, shekara biyun da ka yi kana koyar da lissafi aikin alheri ne, amma ka sani ba irin aikin da za ka rubuta a wancan rahoton ba ne. Wannan giɓin ya fi rashin mastas yi maka illa a yanzu.

To idan mutum ya yi wa kansa tambayar, ya ga lallai yana so, yaya hanyar take?

Sharuɗɗan shiga a yawancin jami'o'inmu kusan iri ɗaya ne. Kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Digirin farko aƙalla sakan kilas lowa, don haka kai ka tsallake. Takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa. Sai tiransikirif daga jami'ar da ka gama, kuma wannan ka fara nemansa da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fito da tad kilas ko yake da HND, yawanci sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri, wato PGD, kafin a ba shi mastas.

Shi karatun kashi biyu ne. Shekarar farko aji ne da jarrabawa. Za ka sake haɗuwa da lissafin da ka zaci kun rabu, amma mai zurfi, da yadda ake sa kwamfuta ta warware lissafin da hannu ba zai iya ba. Daga nan kowa ya kama ɓangarensa: wasu makamashi da tafiyar zafi, wasu ƙere-ƙere da tsarin masana'anta, wasu zanen injuna da ƙarfin ƙarafa. Kashi na biyu shi ne bincike. Za a haɗa ka da sufabaiza, ka gabatar da abin da kake son yi a gaban malamai, su amince ko su mayar da kai. Ka yi aikin, ka rubuta kundi, ka kare shi a cikin sashe, sannan a gayyato malami daga wata jami'a ya zo ya titsiye ka. Jama'a, a kashi na biyun nan ne mutane ke maƙalewa. Aji kowa yana wucewa. Bincike shi ke cin shekaru da kuɗi.

Ga nawa kuskuren. Da aka ce mu kawo maudu'i, sai na hau intanet na ga Turawa suna rubutu a kan yadda ake sanyaya fikafikan injin jirgin sama. Na ce wannan shi ne harka, sunan kaɗai ma zai burge mutane. Na rubuta shafi goma sha na kai wa malamina. Ya karanta a nutse, ya cire tabarau, ya ce: Malam, ina za ka samu injin da za ka auna? Na ce ranka ya daɗe, a kwamfuta zan yi. Ya ce to idan kwamfutar ta ba ka amsa, da me za ka gwada ka san gaskiya ta faɗa? Ban da amsa. Amma taurin kai ya sa na ci gaba, na shafe zango guda ina fama da ANSYS a kan wata tsohuwar kwamfutata da ke ɗaukar zafi ta mutu a tsakiyar aiki. A ƙarshe na fito da hotuna masu kala ja da shuɗi, gwanin sha'awa, waɗanda ni kaina ban san ko daidai ba ne. Laifina ne, an faɗa mini ban ji ba.

Abin da ya cece ni shi ne zuwa gida. Lokacin hunturu ne, ana tsakiyar saran rake. Kawuna yana da wajen dafa mazarƙwaila a bakin fadama, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Makarfi ko Kudan ya san yadda wajen yake: injin matsa yana ta ƙara, ruwan rake yana zuba, babban kaskon ƙarfe a kan murhun ƙasa, yara suna tura tuƙar rake a wuta, hayaƙi ya turnuƙe, ana kwashe kumfa, ga ƙananan kwanoni a jere ana jiran a zuba. Tun ina yaro nake ganin wannan, ban taɓa kallonsa da idon injiniya ba sai ran nan. Na ga Kawu yana ciniki da mai itace. Na ce Kawu, ga tuƙa tuli guda, me za ka yi da itace? Ya ce ɗan nan, tuƙar ba ta kai mu ƙarshen kaka, dole a haɗa da itace da karan dawa.

Da daddare na ɗauki biro na yi lissafi, kuma ina so ku bi ni a hankali, don a nan ne za ku ga abin da ake nufi da bincike. A ce rake kilo 100. Ƙaramin inji irin na ƙauye yana fitar da ruwa kamar kilo 60, ya bar jiƙaƙƙiyar tuƙa kamar kilo 40. Daga wannan ruwan, mazarƙwailar da za a samu ba ta wuce kilo 10 zuwa 12 ba. Ma'ana kusan kilo 48 ruwa ne zalla da dole wuta ta kore shi ya tashi a tururi. Kowane kilo ɗaya na ruwan da ke tafasa yana buƙatar kilojul 2,257 kafin ya zama tururi. Ka ninka sau 48, ka samu kilojul dubu 108 da 'yan kai, sai ɗan ƙarin da ake buƙata kafin ruwan ya kai ga tafasa. To ita tuƙar fa? Kusan rabin nauyinta ruwa ne, don haka idan ta bushe za a samu kamar kilo 20, kuma kowane kilo na busasshiyar tuƙa yana ɗauke da zafi kamar kilojul dubu 17. Jimla dubu 340. Kun gani? Tuƙar tana ɗauke da kusan ninki uku na zafin da ake buƙata. Amma Kawu yana sayen itace. Ke nan mafi yawan zafin ba ya shiga kasko, yana tafiya wani wuri. Ina yake tafiya, kuma nawa za a iya tarewa da kayan da mai walda na Makarfi zai iya haɗawa?

Wannan tambayar na kai wa malamina a shafi biyu kacal. Ya karanta ya yi murmushi, ya ce yanzu ka zo makaranta.

Da na shiga karatu a kai, sai na tarar ashe ba mu kaɗai ke wannan sana'a ba. Indiya ce ta fi kowa yin mazarƙwaila a duniya, suna kiranta gur. A Kolombiya suna kiranta fanela, kuma tana riƙe da ɗimbin ƙauyuka. A can injiniyoyi sun daɗe suna aiki a kan murhun. Dabarar da suka fi amfani da ita mai sauƙi ce: a jera kasko biyu, uku ko huɗu a kan hanyar da wuta ke bi, ta yadda zafin da ya wuce kaskon farko zai ɗumama ruwan da ke na biyu kafin ya kai ga bututun hayaƙi. Sannan a sa ƙarafa a ƙasan wutar, tuƙa ta zauna a kansu, iska ta shigo ta ƙasa, toka ta zube. Sannan a shanya tuƙar ta bushe sosai, domin jiƙaƙƙiya ba ta ba da ko rabin zafin busasshiya, wutar tana ɓata ƙarfinta wajen busar da ita.

Na ari na'urar auna zafi, na sayi sikeli, na tare a bakin fadama. Muka gina sabon murhu kusa da na Kawu. Kuma a nan na sake yin wani kuskuren da har yau ake yi mini dariya a gida. Na karanta cewa dogon bututun hayaƙi yana jan iska sosai, sai na sa mai walda ya yi mini dogo mai faɗi. Ranar gwaji wuta ta kama tana ruri kamar jirgi, ina ta murna, yara suna tafi. Amma murhun Kawu ya sauke kasko, nawa bai ko yi kauri ba, kuma na cinye tuƙa fiye da shi. Kawu ya zagaya murhun sau ɗaya, ya kai hannu kusa da bututun ya janye da sauri, ya ce: Injiniya, ai sama kake dafa wa mazarƙwailar. Ya ɗauko wani guntun kwano ya toshe rabin bakin hanyar hayaƙin. Nan take wutar ta lafa, ta kwanta a ƙarƙashin kasko.

Abin da ya faru shi ne bututun yana jan iska fiye da kima. Iskar da ta wuce buƙatar wuta sanyaya harshen wutar take yi, sannan ta kwashe zafin da gudu ta fitar kafin ƙarfen kasko ya sha. Yana cikin littattafan da na ci jarrabawa a kansu. Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma ya gane cikin minti biyu. Guntun kwanon nan shi ya zama ƙyauren ƙarfe mai zugewa da na sa a zanen ƙarshe, kuma babi guda na kundina a kansa yake. Haka ma wajen sauke kasko. Littafi ya ce idan zafin ya kai tsakanin 115 da 120 a ma'aunin Salshiyas an kai gaɓa. Kawu kuwa ɗan ɗigo yake jefawa a ruwan sanyi ya murza da yatsa. Sau da yawa ina duba na'ura yana duba yatsa, mu ce a sauke a tare.

To me na samu a mastas? Ban samu aikin kamfanin mai ba, kada wani ya zaci haka. Abin da na samu shi ne na koyi auna abu kafin in yi magana a kansa, na koyi rubuta abin da na gani yadda wani zai iya maimaitawa, na koyi cewa kyan hoto a kwamfuta ba hujja ba ne. Yau ina koyarwa na wucin gadi, ina kuma haɗa murahu da na'urorin busar da amfanin gona tare da masu walda, wani lokaci har Panteka ta Kaduna nake zuwa neman ƙarfe. Kawu kuma ya rage sayen itace sosai, duk da har gobe yana cewa shi ya yi mastas ɗin, ni na karɓi kwalin.

Na ba ku wannan dogon labari ne don in ce yankinmu cike yake da maudu'in bincike. Tumatirin da ke ruɓewa a ƙasar Ikara lokacin da ya yi yawa, ga rana kyauta, ina na'urar busarwa mai araha? Injinan ban ruwa da manoman rani ke zuba wa fetur, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda abin ya koma, wane girman fanfo da faranti mai aiki da hasken rana ya dace da rijiyar fadama? Injin matsar rake da ke barin ruwa a cikin tuƙa, injin casar masara da ke farfasa ƙwaya, ajiyar albasa da dankali. Kowane ɗaya mastas ne guda, kayan gwajinsa suna bayan gidanku, kuma idan ka gama kana da abin sayarwa ko da ba a ɗauke ka aiki ba.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce asalin tambayar. Kuɗin makaranta da ake rubutawa a takarda shi ne ƙaramin kashi. Manyan su ne kuɗin mota, wurin kwana, abinci, kwamfuta mai ɗan ƙarfi, data, ƙarfe da walda na abin da za ka ƙera, gwaje-gwajen da sai ka biya, buga kundi sau da yawa, da buga maƙala a mujallar ilimi. Kuma duk shekarar da ta ƙaru, sai ka sake rajista. Abin da ya sa nake tsoron jingina ke nan. Ita jingina, wanda ya ba da kuɗi shi ke noma gonar har sai an mayar masa da kuɗinsa. Ke nan daga ranar da aka karɓa, gidanku ya rasa raken shekara. Idan karatun ya ja shekara uku kamar nawa, an rasa kaka uku. Idan ka gama aiki bai zo nan da nan ba, da me za a fanshi gonar? Mu da muka tashi a ƙauye mun san fadamu nawa ne suka tafi ta wannan hanyar ba su dawo ba. Kuma ba taka ba ce kai kaɗai, akwai ƙannenka, akwai iyayenka mata, cinsu da suturarsu a cikinta suke.

Akwai hanyoyin da ba su taɓa gona ba. Ta farko, tallafin karatu. Asusun PTDF, wanda ke ƙarƙashin harkar man fetur, yana ɗaukar nauyin mastas da digiri na uku a cikin gida da waje, kuma injiniyancin kanikanci yana cikin fannonin da yake ɗauka. Na waje sun fi son sakan kilas ofa, mai lowa sai ya haɗa da shaidar ƙwarewar aiki, ka ga mun sake dawowa kan aikin hannu. TETFund kuwa malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai take ɗauka, sai ka shiga koyarwa tukuna. A Saudiyya akwai Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai da ke Zahran, tana ba da cikakken tallafi, kuma 'yan Arewa da dama sun bi ta can, amma tana son sakamako mai ƙarfi da shaidar jarrabawar Turanci. Chevening ta Ingila tana neman shekara biyu na aiki. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai kafin biza dole ka nuna sama da yuro dubu 11 a asusu na shekara guda, ka juya shi zuwa naira ka ga inda aka kwana. Kuma don Allah, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka sikolashif, ɗan damfara ne. Waɗannan duka kyauta ake nema a shafukansu.

Hanya ta biyu ita ce wadda na fi ba ka shawara. Allah ya yi mana gata da kusanci. Daga Tashar Yari zuwa Zariya ba tafiyar kwana ba ce, Kano ma haka, ga Jami'ar Bayero. Kada ka saki koyarwar da kake yi. Ka ba kanka shekara guda. A cikinta ka nemi wani wajen casar shinkafa, ko garejin manyan injuna, ko masu haɗa sola, ka riƙa zuwa ranakun da ba ka aji, ko da ba za a biya ka ba da farko. Ka koyi SolidWorks ko AutoCAD har ka iya zana abin da mai walda zai karanta ya ƙera, ka taɓa Python ko MATLAB. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta duk aikin da ka yi da kwanan wata, zai yi maka amfani ranar COREN. Ka riƙa ware wani abu duk wata, ko adashi ne ka shiga. Idan Baba yana son ya taimaka, ya ware maka wani kaso daga cinikin raken bana, gonar tana hannunsa. Sannan ka je sashen da kake so da ƙafarka, ka gaida malamai, ka tambayi ɗaliban da ke ciki wane malami ne ke aiki a kan abin da ke ranka. Ka shiga da tambayarka a aljihu, wadda ka samo daga fadamarku.

Idan shekarar ta cika ka ga har yanzu kana so, ka sayi fom, za ka shiga da ƙarfinka. Idan kuma ka ga aikin hannun ya buɗe maka wata hanya, ba ka yi asarar komai ba, makaranta tana nan ba ta gudu. Na zauna aji ɗaya da mutumin da ya haura shekara hamsin.

Sai abu na ƙarshe, yadda za ka faɗa wa Baba. Kada ka ce masa ba ka so, zai ji kamar ka raina kyautarsa. Dattijon da ya ce zai jinginar da fadama saboda kai ya gama nuna maka matsayinka a zuciyarsa. Ka same shi bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka yi godiya, ka ce Baba ina so in yi karatun, amma ina so in yi shi gonar tana hannunmu, ga yadda na tsara. Ka nuna masa lissafin a takarda. In sha Allahu albarkar da zai sa maka a daren nan ta fi kuɗin jinginar.

Jama'a, a nan zan dakata. Wanda ya bi ta wannan hanya, a gida ko a waje, kuma yake ganin na yi kuskure a wani wuri ko na manta wani abu, ya turo saƙo, zan karanta a kashi na gaba. Musamman ina son jin ta bakin 'yan'uwanmu mata da suka karanta injiniya, domin nasu ƙalubalen ya sha bamban da namu. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu koma kan alkawarinmu na masu HND da maganar PGD.

Ƙanena na Janfalan, ka gaida Baba, ka ce wani ɗansa na Makarfi yana gaishe shi. Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a karatunmu da nomanmu.